Saitin Taki Tamanin

"Ka buga mana, Bakano. Ƙarfe ne, ba ƙwai ba."

Malam Tassiou ne ke magana daga kan kujerar robar da na ajiye masa a bakin garejina. Ya lulluɓe gwiwoyinsa da bargo, ko da yake ranar ba wani sanyin kirki ake yi ba. Ni kuma na ɗaure bindigarsa a kan teburin aiki, na yi mata matashi da tsumma, ina riƙe da ƙaramar guduma da guntun tagulla, ina so in turo tsohon saitin baya daga gurbinsa. Ɗan ƙarfe ne mai tsaga, wanda maharbi ke leƙawa ta cikinsa ya daidaita da tsinken da ke bakin bindiga. Ya shekara tamanin a wurin, ya saba.

"Baba, in na ƙwarzane ta kai za ka fara zagina."

"Zan zage ka ko ba ka ƙwarzane ta ba. Don mi Allah ya yi Bakano?"

Shi Badamagare ne, ni Bakano, saboda haka tun ranar da na tare a gidan da ke kallon nasa a East Greensboro, shekara goma sha ɗaya ke nan, bai taɓa kiran sunana Garzali ba sai in abu ya ɓaci. Na sake bugawa. Ɗan ƙarfen ya motsa, ya zame, ya faɗo a tafin hannuna. Na jefa shi cikin wani gwangwanin tumatir da ke kan taga.

"Bon," ya ce. "Yanzu ka sa mini madubin nan na hangen nesa. Idona ya daina ganin tsagar nan. In na ga tsinke ban ga abu ba, in na ga abu ban ga tsinke ba."

"Wane abu?"

"Ka saita ta a taki tamanin."

"Na ce wane abu, Baba?"

Sai ya gyara bargonsa ya juya yana kallon titi.

Bindigar gado ce. Malam Tassiou ya yi shekara goma sha tara yana kiwon dawaki a wata gona a Summerfield, wurin wani tsohon Bature, Mista Purvis. Tare suke fita farautar barewa duk ƙarshen shekara a dajin da ke bayan gonar, Malam ya yanka, ya kawo, matarsa Hajiya Aissa ta yi kilishi a raba wa unguwa. Da tsohon zai mutu, ya rubuta a wasiyyarsa cewa a ba Tassiou bindigar, wadda shi ma a wurin mahaifinsa ya gada. Irin ta da ce, mai gindin katako da ya yi baƙi don hannu, da 'yar guduma a baya wadda ke faɗawa in an ja kunama. Bayan rasuwar tsohon, 'yarsa Christy ta sayar da dawakin, ta ce wa Malam aiki ya ƙare. Da aikin da inshorar lafiya tare suka tafi. Bayan wata huɗu likitoci suka gano masa ciwon daji a ciki. Lokacin da ya kawo mini bindigar, mako guda bayan ƙaramar sallah ta 2005, sun riga sun daina ba shi magani sai na rage zafi, wata nas ce ke zuwa gida sau biyu a mako.

Ni a aji uku na sakandare na tsaya. Gyaran kekunan ɗinki da nake ci da shi a masana'anta, da hannuna na koya, ta hanyar kwance abu in ga yadda aka haɗa shi. Sauran abin da na sani daga littattafan laburare ne da na malamai. Kuma ina da hali guda da matata Bebi ta gaji da shi: in tambaya ta shige ni, sai in yi ta juya ta har ta sirance.

Washegari da safe ina fitar da shara Hajiya Aissa ta tsallako titi, ta tsaya kusa da akwatin wasiƙuna ta rage murya.

"Garzali, mi ya ce maka za ya yi da ita?"

"Bai ce ba, Hajiya."

"Mutumin da matakala uku ke gagara tai. Rabonshi da nama shekara guda, ko hantar ragon layya bai taɓa ba, tun nan na san ciwo ya shiga. Amma sau huɗu ke nan yana ɗaukar mota da sassafe. Rannan na duba, tayoyin duk jan laka. Lakar Summerfield ce, na san ta, shekara goma sha tara ina wanke ta."

"Ko ya je ganin abokai."

"Wane aboki? Dokin?" Ta goge hannunta da gefen zane. "Ranar da yarinyar nan ta sallame shi, ya dawo ya zauna a mota har la'asar bai shigo ba. Da ya shigo ya ce, a tsaye ta sallame ni, Aissa, a bakin ƙofa, kamar mai kawo wasiƙa. Tun daga ranar bai ƙara ambaton sunanta ba. Ni shirun ne ba na so."

A ranar, da na tashi daga aiki, na tuƙa zuwa Summerfield. Na sami gonar, na sami wani wuri a gefen shinge inda tayoyi suka kwantar da ciyawa. Daga nan barandar gidan tana fuskantarka sak, da kujera mai lilo a kai. Na sauka kamar wanda ya yi ɓatan hanya zai yi tambaya, na taka zuwa matakalar barandar ina ƙirgawa a zuci. Ba kowa a gidan sai kare da ke haushi a ciki. Taki saba'in da takwas.

Kwana uku na yi ina juya abin. In na ƙi aikin, zai kai wani shago a yi masa, ba tare da idona a kai ba. In na kira 'yan sanda, a waɗannan shekarun da ko jakar wayoyi musulmi ya ɗauka sai an waiwayo, to na jefa mutumin da ke kan gargara cikin ankwa, na jefa masallacinmu gaba ɗaya a labaran yamma, a kan lakar taya da ƙirgen ƙafata. In na karkatar da saitin da gangan, harsashi ba ya ɓacewa don ya kuskure wanda aka nufa, wani zai samu. In kuma na yi aikin tsakani da Allah, kuma abin da nake tsoro ya faru, to da ni aka harba. Na san an hana zato. Na kuma san wanda ya ga rijiya a gaban makaho ya yi shiru, ba a ce da shi mai kyautata zato.

Tambayarsa kai tsaye ita ce hanya mafi sauƙi, kuma ita ce na kasa. Yaya za ka dubi dattijon da ya yi wa 'yarka huɗuba a kunne ka ce masa, Baba, kisa za ka yi?

Na ɗora madubin a gurbin tsohon saitin, ban huda bindigar ko sau ɗaya ba. Ranar Laraba na kai shi filin gwajin harbi a bayan gari. Na kafa takarda, na yi ta murɗa 'yan kusoshin madubin har ta zauna. Sannan ya karɓa, ya jingina ta a kan buhun yashi. Hannunsa da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi ya tsaya cak. Harbi uku, ramuka uku, tafin hannu zai rufe su.

"Ashe Bakano na da amfani," ya ce.

Na ce zan tafi da ita gida in goge in ƙara matse kusoshi. A gareji na kwance ta, na zare allurar da ke dukan gindin harsashi, na mayar da komai yadda yake. A ido lafiya lau take. Gudumar za ta faɗa, amma ba abin da zai tashi. Na sa allurar a aljihun rigata, na kai masa bindigarsa, na miƙa da hannu biyu. Ya yi mini addu'a mai tsawo. Ban iya cin abincin ranar ba.

Asabar bayan sallar asuba ya aiko Hajiya ta ƙwanƙwasa mini.

"Ya ce ka zo da motarka, ƙafarshi ba ta iya birki yau." Ta dube ni. Na gyaɗa mata kai kamar wanda ya san abin da yake yi.

Ya fito da hula ruwan lemo irin wadda doka ta ce maharba su sa, ya miƙo mini wata. A hanya bai yi magana ba sai tasbihi. Da muka kusa shingen na fara rage gudu a inda na ga sawun tayoyin.

"Mi kake tsayawa? Shiga ta ƙofa."

Ƙofar gonar a buɗe take. Wata mace doguwa mai furfura a goshi tana tsaye da fulas a hannu, ta ɗago mana hannu. Ta zo tagar motar ta gefensa, ta kama hannunsa da hannuwanta biyu.

"Tas, ka rame," ta ce da Turanci. "Na kai maka kujera gindin babban itacen, na share hanya, motar za ta iya zuwa har can. Jiya da yamma na hango ta daga nesa, tana nan. Ga kofi, ban sa sukari ba."

Christy ce. Ta dube ni ta yi murmushi, ta ce in kula mata da shi.

Na tuƙa ta cikin gonar, jikina ya yi sanyi kamar an sauke mini buhun siminti daga ka, kunya kuma ta hau inda buhun ya sauka.

"Baba, na zaci ba kwa shiri."

"Na yi wata huɗu ina fushi da ita. Sai ta zo gidan likita ta zauna bakin gadona tana kuka, ta ce gonar ta fi ƙarfinta. Mi kuma ya rage? Ban faɗa ma Aissa ba, don ita har yanzu tana jin daɗin fushin."

"To wace ce tana nan?"

Sai da na zaunar da shi a kujerar, na rufa masa bargo, sannan ya amsa. A gabanmu fili ne mai busasshiyar ciyawa, ya gangara zuwa wani ɗan rafi inda itatuwa suka rabu. Ko ban taka ba na san taki nawa ne.

"Bara, a nan, na halbi barewa," ya ce a hankali. "Idona ya ci amanata, na same ta a cinya. Na bi jini har rana ta faɗi, na dawo washegari, na dawo jibi. Ban same ta ba. Mu gidan mahalba ne, Garzali. A gidanmu wanda ya raunata dabba ya bar ta da ciwo, ba ya sa nama a bakinshi sai ya ƙarasa ta ko ya ga ƙasusuwanta. Kuma ba ya faɗa ma kowa, don kada a ba shi haƙuri ya karɓa. Ubana ya taɓa yin wata bakwai. Ni ga shekara. Christy ta ce akwai wata mai ɗingishi da ke zuwa shan ruwa. Na zo sau huɗu ina hange daga bakin hanya, inuwa kawai nake gani. Ba na so in je gaban Allah ita tana nan tana jan ƙafa saboda ni."

Allurar tana aljihuna, ina jin tsininta a ƙirjina. Kayan kwance bindigar kuwa suna gareji, tafiyar rabin awa. Na ga abin da na yi: mutum ya tattara ƙarfin da ya rage masa a duniya don harbi guda, ni kuma na sace harbin.

"Baba, akwai maganar da..."

"Shhh. Ba a magana a nan."

"Dole ne ka ji."

Ya ɗora yatsa a leɓensa, ya nuna da haɓa.

Ta fito daga tsakanin itatuwan, tana tafe tana dangala ƙafar baya ta hagu, kowane taki sai ƙugunta ya faɗa gefe. Ta tsaya, ta ɗaga kunnuwa, ta sunkuya ga ruwa. Malam ya ɗaga bindigar ya ɗora a kan sandar da ya kafa. Ya ja gudumar baya da babban yatsa. Na ji ya ce bismillahi, Allahu akbar.

Ƙas.

Ƙarar ba ta fi ta kulle jaka ba. Barewar ta ɗago kai, ta dubi wajenmu, ruwa na ɗiga daga bakinta. Malam bai motsa ba, idonsa na cikin madubin. Ina jira ya juyo ya dube ni. Bai juyo ba.

Sai ciyawar bayanta ta motsa. Wani ɗan barewa ya fito, bai kai ta tsawo ba, ya yi tsalle ya tsallake rafin ba dalili, ya sake tsallakowa, ya zo ya tura kansa ƙarƙashin cikinta. Ta ture shi da gwiwa, irin ta uwar da ta gaji da yaye. Ta ci gaba da shan ruwanta.

Malam ya daɗe yana kallo ta madubin. 

"Tana da ƙiba," ya ce da raɗa. "Wurin ya rufe, gashi ya fito a kai. Ka gani, har ƙafar take takawa in ta manta. Wannan na watan shida ne. Bayan na halbe ta ta haife shi."

Suka gama, suka hau gangaren can gefe, tana ɗingishi yana gaba yana waiwayenta, har itatuwa suka rufe su. Sannan ya sauke bindigar a cinyarsa, ya fitar da harsashin, ya juya gindinsa ya duba. Ba ko tabo. Ya miƙo mini tafin hannu.

Na ciro allurar na ɗora masa.

"Wa ka zaci zan halba?"

Ya dubi inda rufin gidan Christy ke leƙowa ta saman itatuwa, ya dawo da idonsa kaina.

"Garzali," ya ce. Na sunkuyar da kai. "Shekara goma sha ɗaya muna sahu ɗaya."

"Na taka daga shinge zuwa barandarta, Baba. Saba'in da takwas."

"Ka taka." Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ba ta da sauti saboda ciki ba ya ɗauka. Ya riƙe gefen cikinsa, hawaye na zubo masa. "Ka taka. Littafi nawa ka karanta kafin ka taka? Wayyo Bakano. Da ka tambaye ni, da na zage ka na faɗa maka, da yanzu ɗan can maraya ne."

"Ka yafe mini."

"Bari in gama dariya tukuna."

Da ya huta na zuba masa kofi a murfin fulas, ya riƙe don ɗumi, bai sha ba.

"To, kai mai littattafai. Ubana ya ce sai ka ƙarasa ta ko ka ga ƙashinta. Bai faɗi abin da za a yi ba in ka same ta ta yi ƙiba tana yaye. Mi ka gani?"

A rayuwata ban taɓa amsa tambaya da sauri haka ba.

"Ka ci nama, Baba."

"Dakor, na yarda," ya ce. Ya mayar mini da allurar. "Riƙe. Kada ka maida ta yanzu."

A hanyar dawowa ya sa na tsaya a shagon wani Basudane mai sayar da naman halal, na sayo ƙafar rago. Da muka shiga gida ya ce, "Aissa, ki yi mini romo, da yaji kaɗan." Ta dubi ledar, ta dube shi, ta dube ni. Na ce mata lafiya lau, Hajiya, komai lafiya. Ta zauna a kan hannun kujera ta rufe fuska da mayafi na ɗan lokaci, sannan ta tashi ta ɗora tukunya.

Cokali biyar ya sha a ranar, ya tsotsi ɗan ɓargo. Washegari uku. Ya ba ta labarin duka, har da takuna saba'in da takwas, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya sa na maimaita da bakina. Mutanen Nijar na masallacinmu har yau in sun gan ni sai su ce, Injiniya, taki nawa ne daga nan zuwa alwala?

Kwana tara ya yi bayan nan. Ranar Litinin bayan la'asar Hajiya ta leƙo ta kira ni da hannu. Na same shi a kwance ta gefen dama, an buɗe labule rana na kan ƙafafunsa, numfashin yana zuwa yana tsayawa. Na zauna ina karanta masa Yasin a hankali. Can ya buɗe ido ya gane ni.

"Bakano."

"Na'am, Baba."

"Na gama dariyar. Na yafe."

Ya yi kalmar shahada sau biyu, ta biyun leɓe ne kawai. Hajiya ce ta shafa masa ido. A kan teburin gefen gado akwai kwanon romo da cokali a ciki, ya sha rabi, sauran ya fara daskarewa.

Christy ta zo jana'iza da gyale a kanta, ta tsaya nesa da maƙabarta a jikin motarta. Da aka watse Hajiya ta aika aka kira ta gida, suka zauna a falo ɗaya, ba mai jin yaren wata sosai, suna shan shayi.

Bayan sadakar bakwai Hajiya ta tsallako da bindigar a naɗe cikin bargonsa. Ta ce ya bar wasiyya a ba ni, wai in ji shi tunda na iya ƙirga taki, sauran aikin ba wuya. Na rataye ta a bangon gareji, madubin na kanta. Allurar kuwa na jefa ta cikin gwangwanin tumatir ɗin da ke kan taga, tare da tsohon saitin. Layin dogo bai da nisa da unguwarmu. In jirgin kaya ya wuce da hantsi, sai in ji su biyun suna ɗan kaɗawa a cikin gwangwanin, har jirgin ya yi nisa su yi shiru.